Littafin aiki: a ina shaidar raguwar baƙin makamashi take zaune?

22 Maris 2025

Ranar 19 ga watan nan masu aikin DESI, wani binciken taswirar samaniya da aka shirya don nazarin baƙin makamashi, abin da ke ingiza faɗaɗar samaniya, suka fitar da sakamakon awonsu na shekara uku. Na'urarsu tana kan madubin hangen nesa na Mayall mai faɗin mita 4 a Kitt Peak, jihar Arizona ta Amurka, kuma tana ɗaukar hasken abubuwa 5,000 a lokaci guda. Da ita suka auna galaksi (manyan tarukan taurari) da kwezar (cibiyoyin galaksi masu tsananin haske) fiye da miliyan 14. Abin da suka ce shi ne, idan aka haɗa awonsu da na tsohon hasken samaniya (hasken da ya rage tun farkon samaniya) da na fashewar taurari, baƙin makamashi bai yi kama da abin da ke tsaye cak ba. Ya fi kama da abin da ya taɓa ƙaruwa, ya kai ƙololuwa, yanzu kuma yana ja da baya. Ƙarfin shaidar kuwa, a ma'aunin sigma da ke nuna wuyar a ce sa'a ce kawai ta kawo sakamako, 2.8 ne, ko 3.8, ko 4.2, gwargwadon tarin fashewar taurarin da aka haɗa da shi.

Wannan tazara ce ta hana ni sakat, ita ta sa na buɗe littafin nan. Samaniya ɗaya ce. In amsa tana sauyawa haka don kawai an sauya tarin bayanai, to wani ɓangarenta ba daga sama ya zo ba, daga hannun masu awo ya fito. Niyyata in sake gina lissafin daga lambobin da aka wallafa, sannan in riƙa zare bayanai ɗaya bayan ɗaya har in ga wane ne ke ɗauke da nauyin.

Ga wanda bai saba da fagen ba: a 1998 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗaya ta su Brian Schmidt da Adam Riess, suka tarar fashewar taurari masu nisa ta fi dusashewa fiye da yadda ake tsammani. Ma'ana faɗaɗar samaniya ƙara sauri take yi, ba lafawa ba. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 2011. Abin da ke ingiza wannan sauri shi ake kira baƙin makamashi, kuma shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na duk abin da ke samaniya a yau. Bayani mafi sauƙi shi ne Lamda, adadin da Einstein ya saka a lissafinsa a 1917: makamashi ne na sararin kansa, kaurinsa ba ya raguwa komai faɗaɗar da sarari ya yi. Ana gane halin baƙin makamashi da lamba guda, w, wato matsinsa a raba da kaurinsa. A Lamda w = −1 ne jiya da yau da gobe. Kishiyar da DESI ta gwada ita ce dabarar Chevallier da Polarski ta 2001, wadda Linder ya sake kawowa a 2003: w = w0 + wa(1 − a), inda a yake girman samaniya idan aka ɗauki na yau a matsayin 1. Lamda tana zaune a w0 = −1, wa = 0. Bayanan kuwa suna jan amsa zuwa w0 sama da −1 da wa ƙasa da sifili.

Ni dai ina so Lamda ta faɗi, ban ɓoye ba. Idan aka lissafa makamashin sarari da ka'idar kwantum ta ƙananan ƙwayoyin zarra kai tsaye, amsar ta zarce abin da aka gani da ninkin da ya kai 1 mai sifili kusan 120 a bayansa, kuma adadin da ba ya motsi ba ya ba ka inda za ka kama ka bincike shi. Abin da ke sauyawa yana da tarihi, mai tarihi kuwa ana iya bin sawunsa. Saboda wannan son nawa ne dole in tsananta wa shaidar.

30 Maris

Galaksi miliyan 14 sun taƙaita zuwa lambobi 13. Su na shigar yau, tare da teburin da ke nuna yadda kuskuren kowacce yake da alaƙa da na 'yar'uwarta.

Asalin ma'aunin ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin samaniya ta cika shekara 380,000, haske da iskar gas a cakuɗe suke, zafi ya hana ilektron zama a jikin ƙwayoyin haidurojin. Duk inda abu ya ɗan fi taruwa, matsin haske yana tura sauti waje da kusan rabin gudun haske. Da samaniya ta huce har ilektron suka zauna, haske ya kuɓuta, sautin ya daskare a inda ya kai. Nisan da ya ci kafin ya tsaya, a girman yau, megafasek 147 ne, kimanin tafiyar haske ta shekara miliyan 480. Har yau in ka ɗauki galaksi guda ka ƙirga maƙwabtanta, za ka ga sun ɗan fi yawa a daidai wannan nisa. Binciken SDSS da na 2dF ne suka fara ganin alamar a 2005. Kamar sanduna ne masu tsayi ɗaya da aka kakkafa daga nan har ƙarshen gani: yadda kowace ta ƙanƙance a ido shi ke faɗa maka nisanta.

Ana auna sandar ta fuska biyu. A gicciye, faɗinta a sama yana ba da nisa. A tsaye, bin layin gani, tana ba da saurin faɗaɗa a wancan zamanin kai tsaye, kuma wannan ne fashewar taurari ba ta iya bayarwa. DESI ta raba samaniya gida bakwai bisa z, wato gwargwadon yadda faɗaɗa ta miƙe hasken kafin ya iso: 0.295, 0.510, 0.706, 0.934, 1.321, 1.484 da 2.330. Na ƙarshen ba galaksi ake ƙirgawa ba, inuwar gajimaren haidurojin ce a cikin hasken kwezar da ke bayansu. Gida shida suna da lamba bibbiyu, mafi kusa kuma guda, don sararin da ya ƙunsa bai kai a raba fuskokin biyu ba.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: sandar ba ta san tsayin kanta ba. Duk lambobin nan nisa ne a raba da tsayin sandar. Wancan 147 daga tsohon hasken samaniya ya fito, ba daga DESI ba.

12 Afrilu

Lamda da DESI kaɗai: rabon abu a samaniya, Ωm, ya fito 0.2975 da kuskuren 0.0086, daidai da abin da suka wallafa. Kuma Lamda ta dace da lambobin 13 sarai, babu wadda ta yi tsalle. Da na saki w0 da wa, gyaran da aka samu bai wuce sigma 1.7 ba, wanda ba komai ba ne. Duk wanda ya ce DESI ta gano baƙin makamashi yana raguwa, ya yi gaggawa. Ita kaɗai ba ta ce haka ba.

Sai na jera Ωm na kowane tari a ƙarƙashin Lamda. DESI 0.2975. Tauraron ɗan'adam na Planck, mai auna tsohon hasken samaniya, a sakamakon 2018, 0.315 da kuskuren 0.007. Sai tarin bayanan fashewar taurari guda uku: na Pantheon+ 0.334. Na DES 0.352, na Union3 ɗan sama da haka. A nan gizo ke saƙar. Idan Lamda gaskiya ce, waɗannan duka awon abu guda ne, dole su haɗu a wuri ɗaya. Kowanne shi kaɗai yana zaman lafiya da Lamda, amma kowanne da Lamdarsa. Tsakanin DESI da tsohon hasken samaniya saɓanin sigma 2.3 ne, tsakanin DESI da DES ya fi haka. Abin da w0 da wa suke yi shi ne lanƙwasa tarihin faɗaɗa ta yadda kowane tari, da yake kallon zamani daban, zai yarda da Ωm guda.

Ke nan shaidar ba a cikin kowane tari take ba, a mahaɗarsu take. Sauran aikin nan duka bin mahaɗa ne.

3 Mayu

Tsohon hasken samaniya ya shiga. Na fara da taƙaitaccen salo, lambobi uku kawai: kusurwar sandar sauti a wancan hasken, yawan abu na yau da kullum, da jimillar abu har da baƙin abu, wanda ba a gani sai dai a ji jan nauyinsa. Da DESI, sigma 2.4. Daga nan na koma cikakken lissafi da manhajar CAMB a cikin Cobaya, na bar sarƙoƙin lalube suna gudu har ma'aunin Gelman da Rubin, mai nuna ko lissafin ya daidaita, ya sauka ƙasa da 0.01. Sigma 2.7 idan ba a sa lanƙwasar da nauyin galaksi ke yi wa hasken a hanya ba, 3.1 idan an sa. Duka sun yi daidai da na DESI.

Ga mai son maimaitawa: dole a zaɓi salon PPF a CAMB, domin lissafin ruwa-ruwa na yau da kullum yana wargajewa a daidai inda w ta tsallake −1, kuma nan ne bayanan suke son zuwa.

Tsohon hasken bai ga baƙin makamashi da idonsa ba, don lokacin da ya taso babu shi a lissafi. Gudummawarsa turke ce. Ya auna kusurwar sandar, kimanin digiri 0.6, da kuskuren da bai wuce kashi 0.03 cikin 100 ba, ya kuma ƙayyade yawan abu. Duk yadda za ka murɗa baƙin makamashi, jimillar nisa daga nan zuwa z na kusan 1,090 ba ta da izinin motsi.

18 Mayu

Yau ban taɓa bayanai ba, sigma ɗin kanta na zauna da ita. Yadda ake samunta: a nemo mafi dacewar Lamda, a nemo mafi dacewar w0 da wa, a ga nawa ma'aunin rashin dacewa, χ², ya ragu. Tun da lambobi biyu aka ƙara, yiwuwar sa'a kawai ta kawo wannan ragi ita ce adadin e (kusan 2.718) a ƙarfin rabin ragin da alamar ɗebewa. Ragin 12.5 yana ba da kusan 2 cikin 1,000, shi ne sigma 3.1. Ragin 21 yana ba da kusan 3 cikin 100,000, shi ne 4.2. Tazarar da ta yi kama da babba tsakanin 2.8 da 4.2, ragin 10.7 ne da 21.

Abin da lissafin nan ya ɗauka a matsayin gaskiya shi ne teburin kurakurai cikakke ne, ba abin da aka manta. Sigma tana auna sa'a, ba ta auna kuskuren da ba a san da shi ba. Al'adar jiran sigma 5 kafin a ce an gano abu daga nan ta samo tushe.

Akwai kuma hanyar Bayes, wadda ke cin tarar tsari saboda filin da ya tanada bai yi amfani da shi ba. DESI ta bar w0 daga −3 zuwa 1, wa daga −3 zuwa 2. Fili ne mai faɗi, amsar kuwa ta taru a ɗan lungu, don haka hukuncin Bayes ya fi sanyi sosai. Na rage filin, hukunci ya ƙara zafi. Na faɗaɗa shi, ya huce. Ba na jin daɗin hukuncin da iyakar da na zana da hannuna take juyawa, don babu ka'idar da ta faɗa mana inda iyakar ta dace ta tsaya. Zan riƙa rubuta duka biyun, ba zan dogara da ɗaya ba.

8 Yuni

Mahaɗa mafi rauni, a ganina, tana cikin fashewar taurari.

Nau'in da ake amfani da shi, Ia, farin wadan tauraro ne da ya tara nauyi har ya kusanci ninki 1.4 na rana, ya kama da wuta gaba ɗaya. Ana yawan cewa haskensu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, daidaita shi ake yi. Mark Phillips ya nuna a 1993 cewa masu haske sosai sun fi jinkirin dusashewa, sai a gyara da wannan. A gyara da launi, don ja yana iya zama ƙura, yana iya zama halin tauraron. A gyara da nauyin galaksin da ya fashe a ciki, don an lura waɗanda ke cikin galaksi masu nauyin sama da rana biliyan 10 sun ɗan bambanta, kuma har yau ana muhawara kan dalili. Sannan a gyara son kai na madubi: a can nesa masu haske kawai yake iya gani, don haka matsakaicin da yake bayarwa ya karkata. Kowane gyara yana da hujja, amma kowanne zaɓi ne na mutane.

Kuma fashewar taurari ba ta ba da nisa tsagwaronsa, kwatanci take bayarwa: na nesa ya fi na kusa dusashewa da kaza. Don haka komai ya rataya a kan na kusa. A tarin DES, guda 1,635 madubin Blanco na Cerro Tololo a ƙasar Chile ne ya gano su da kyamara ɗaya, tsari ɗaya, wanda babban abin yabo ne. Amma kusan dukansu suna sama da z = 0.1. Na kusa, guda 194, aro aka yi daga tsofaffin bincike, da wasu madubai, da wasu matatan launi, da wata hanyar zaɓe. Ɗinkin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne wurin da nake zargi.

Ba ni na fara zargin ba. George Efstathiou na Jami'ar Cambridge ya kwatanta taurarin da ke cikin Pantheon+ da DES duka biyu a 2024, ya ga bambancin kusan 0.04 a ma'aunin haske tsakanin na kusa da na nesa. Masu DES sun amsa cewa yawancin bambancin abin tsammani ne, don sun sabunta yadda suke lissafa ƙura da warwatsuwar haske, kuma hanyar zaɓen taurarinsu daban ce, dole gyaranta ya zama daban. Amsar tana da ƙarfi. Amma a duba girman abin da ake magana a kai: 0.04 a ma'aunin haske kashi 4 ne cikin 100 na haske, kusan kashi 2 na nisa. A kan kashi 2 ne ake shirin sauke adadin da ya shekara fiye da 25 yana cin kowane gwaji.

Na kusa suna da wata matsalar ta daban. A z = 0.02 faɗaɗa tana janye galaksi da kilomita 6,000 a daƙiƙa, ita kuma galaksin tana da nata yawon na kimanin kilomita 300 saboda jan maƙwabta. Kashi 5 ke nan, kuma maƙwabta tare suke tafiya, don haka yawan ƙirga ba ya share shi duka.

Gwajin da na yi: na zare duk fashewar da ke ƙasa da z = 0.1 daga tarin ukun. Ƙarfin shaida ya sauka, da'irar amsa ta buɗe, ta DES ce ta fi jin zarewar. Sai dai tsakiyar amsar ba ta koma gida wurin Lamda ba, tana nan a lungun w0 sama da −1, wa ƙasa da sifili. DESI ma ta yi wannan gwaji ta ga haka. Wannan ya ɗan rage mini zargi, domin ba taurarin kusa ne suka ƙirƙiri alkiblar ba, ƙara mata murya suka yi.

Wani abu da ake yawan mantawa: tarin ukun ba shaidu uku ba ne masu zaman kansu. Pantheon+ yana da taurari 1,550, Union3 yana da 2,087, kuma fiye da 1,300 na ciki guda ne. Taurari ɗaya, hannu biyu, sigma 2.8 da 3.8. A littafin nan daga yau, lambar da zan riƙe a rai wajen 3 ce, ba 4.2 ba.

24 Yuni

Jiya cibiyar Vera Rubin da ke Cerro Pachón a Chile ta nuna hotunanta na farko, da kyamara mai megafiksel 3,200. Abin da ya shafi aikin nan shi ne za ta gano fashewar taurari na kusa da na nesa da ido ɗaya, ɗinkin da na yi ta magana a kai ya ragu ƙwarai. Tauraron ɗan'adam na Euclid, da aka harba ranar 1 ga Yuli 2023, zai auna sandar sauti daga sama da hanyarsa ta daban. Kafin su kawo nasu, da abin da ke hannu za a yi aiki.

13 Yuli

Yanzu a ɗauka shaidar gaskiya ce. Me take cewa?

Na ɗauki amsar DESI da tsohon haske da DES: w0 = −0.752, wa = −0.86. Wurin da w ta yi daidai da −1 shi ne a = 0.71, wato z kusan 0.4, shekara biliyan 4 da ɗoriya da suka wuce. A nan kaurin baƙin makamashi ya kai ƙololuwa, kimanin kashi 13 cikin 100 sama da na yau. Bayan nan yana raguwa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, ka'idoji da yawa sun yi hasashensa. Abin damuwa shi ne gabanin nan, inda w take ƙasa da −1, wato kaurin yana ƙaruwa alhali sarari yana faɗaɗa. Shi ne yankin da Robert Caldwell ya laƙaba wa fatalwa.

Bayani mafi sauƙi bayan Lamda shi ne kwintesens, wani fili da ya cika sarari yana gangarowa a hankali, irin wanda Ratra da Peebles, da kuma Wetterich, suka rubuta a 1988. A cikinsa w ita ce makamashin motsi a ɗebe na ajiya, a raba da jimillarsu. Tun da makamashin motsi ba ya sauka ƙasa da sifili, w ba ta da hanyar sauka ƙasa da −1. In ka tilasta mata, sai ka ba filin makamashin motsi na ƙasa da sifili, sarari kuma ya zama mara tabbas, yana iya rushewa. Ke nan bayanan sun tsallake Lamda, sun tsallake magajinta na farko, sun faɗa inda ka'ida ba ta son zuwa.

Abokiyar aikina tana ganin dabarar ce ta jawo haka: miƙaƙƙen layi ne, in ka ɗaga ƙarshensa na yau, dole ɗaya ƙarshen ya nutse. Na ɗauki maganarta da muhimmanci, na gwada ta hanya biyu. Na farko, na sa kwintesens mai narkewa, wanda ya fara daskare a −1 sannan ya taso. Ya fi Lamda dacewa, amma bai kai layin da aka bari ya tsallaka ba. Na biyu, na yar da dabarar, na raba z gida-gida kowane da nasa w. Gidan da ya fi kusa ya tashi sama da −1 a fili. Na baya sun karkata ƙasa, amma da kuskure mai faɗi, kuma dalilin a bayyane yake: a z = 1 baƙin makamashi kashi 22 ne kawai na abin da ke samaniya, a z = 2 bai kai kashi 8 ba. Abin da ba shi da nauyi a lissafi, da wuya a auna halinsa.

Duk da haka na fahimci inda matsin yake fitowa, kuma ba dabarar kaɗai ba ce. Nisan da DESI ta auna a ƙasa da z = 1 ya gaza hasashen Lamdar Planck da kashi 1 zuwa 2. Gajeren nisa na nufin faɗaɗa ta fi sauri a lokacin, wato baƙin makamashi ya fi yawa. Amma turken nan na tsohon haske ya ce jimillar nisa ba ta motsi. Abin da aka rage a kusa dole a biya shi a nesa, kuma tun da yawan abu a ƙayyade yake, hanyar biya ɗaya ce: baƙin makamashi ya gaza na Lamda a can baya. Kaɗan a da, da yawa a tsakiya, shi ne fatalwa. Ba a gan ta kai tsaye ba, ragowar lissafi ce tsakanin awo biyu.

Wannan ya sa nake ganin ko da saɓanin gaskiya ne, ba lalle sunansa baƙin makamashi mai sauyawa ba. Idan baƙin abu yana musayar makamashi da baƙin makamashi, ko nauyi bai bi Einstein sau da ƙafa a manyan nisa ba, mai lissafin da bai san haka ba zai ga w ta sauka ƙasa da −1 alhali ba abin da ya karya doka.

10 Agusta

Mahaɗa ta biyu, tsakanin DESI da tsohon haske, tana da nata rauni, sunansa τ. Lokacin da taurarin farko suka kunnu, sun sake ƙwace ilektron daga haidurojin, waɗannan kuma suka warwatsa wani kaso na tsohon hasken. τ ce ke auna kason. Planck ya ba da 0.054 da kuskuren 0.007, daga karkatar haske a manyan kusurwoyi, awo mafi wuya a duk aikinsa, don siginar ƙarama ce kuma ƙurar galaksinmu ta rufe ta. Tauraron ɗan'adam na WMAP da ya gabace shi ya ba da kusan 0.09.

Sarƙar haka take: τ mai girma na nufin tarin abu na farko ya fi ƙarfi, to ba a buƙatar abu mai yawa don a samu lanƙwasar hasken da aka gani, sai Ωm na tsohon haske ya sauko wajen na DESI. Na cire awon manyan kusurwoyi na kafa τ a 0.09, kamar yadda wasu masu bincike suka gwada a bana. Saɓanin ya narke sosai, buƙatar w0 da wa ta ragu.

Nutrino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗan nauyi ƙalilan, su ma sun shigo nan. A ƙarƙashin Lamda, DESI da tsohon haske sun ce jimillar nauyinsu ba ta kai 0.064 na ilektronbolt ba, alhali gwaje-gwajen sauya kamanninsu sun tabbatar ba ta gaza kusan 0.059 ba. Ƙofar ta kusa rufewa. Sakin w0 da wa yana buɗe ta zuwa 0.16, ɗaga τ ma yana buɗe ta. Ciwo ɗaya ne yake bayyana a wurare biyu, magunguna biyu kuma suna jayayya a kansa.

Ban gamsu da maganin τ ba. Daga 0.054 zuwa 0.09 sigma 5 ne na Planck, kuma hasken kwezar masu nisa yana nuna ƙwacen ilektron bai kammala da wuri ba. Amma ya nuna mini cewa sigma 3.1 ɗin da ba ta dogara da fashewar taurari ba, ita ma tana da ƙafa guda a kan awo ɗaya mai wuya. Tauraron ɗan'adam na LiteBIRD da Japan ke shiryawa domin irin wannan awo ne, sai dai ba nan kusa ba.

7 Satumba

An tambaye ni ko wannan zai warware rikicin adadin Hubble, wato saɓanin awo biyu kan saurin faɗaɗar samaniya a yau. Ba zai warware ba. Ƙungiyar SH0ES ta auna 73.04 da kuskuren 1.04 a 2022, Planck a ƙarƙashin Lamda 67.4. Da w0 da wa a sake, tare da fashewar taurari, adadin yana zama wajen 67, in babu su ma yana sauka wajen 64. Nisa yake ƙarawa. Muddin tsayin sandar sauti yana 147, ba abin da za ka yi wa baƙin makamashi na bayan nan da zai kai ka 73.

Aikin da na fara a makon nan shi ne na ƙirƙirarrun bayanai. Zan gina samaniyar da na san Lamda ce tsantsa, in fitar mata da lambobi 13 na sandar sauti, da lambobi uku na tsohon haske, da fashewar taurari a daidai z ɗin na gaskiya, kowanne da hayaniyar da teburinsa ya tanada. Sannan in ɓoye ɗan kuskure a taurarin ƙasa da z = 0.1, daga 0.01 zuwa 0.04, in bar lissafin ya yi aikinsa bai sani ba. Tambayar ita ce sau nawa zai ce sigma 3 ko 4, kuma in ya faɗa, shin a lungu ɗaya amsar take sauka da wadda aka gani, har da tsallake −1 a wajen z = 0.4. In kuskuren 0.02 ya isa ya haifar da duka siffar, zan ajiye zancen raguwa har Rubin ta kawo nata. In ya ɗaga sigma amma ya kasa kawo tsallakewar a wurinta, to saɓanin DESI da tsohon haske ne ke riƙe da alkiblar, kuma can zan mai da hankali.

Taƙaitaccen salon tsohon haske zan yi amfani da shi a zagayen farko saboda sauri, tun da na riga na san yana rage sigma da kusan 0.7 idan aka kwatanta da cikakken. Ɓangaren sandar sauti ya kammala. Na fashewar taurari yana jiran in gama raba teburin kurakuran DES gida biyu, na hayaniya da na tsari, don kada in ƙirga kuskuren ɗinkin sau biyu.